Azumin Yaya Tukur

Kai ko ke da ka buɗe wannan littafi, rufe shi. Ba rajistar makaranta ba ce. Idan ke ce, Ramatu, zan gane, domin ba mai barin shatin man gyaɗa a kan takarda sai ke. Wanda ya karanta abin da ba a ba shi ba, da shi da mai laɓe a bayan danga duk ɗaya ne. Idan kuwa bayan raina aka same shi, to a karanta, amma kada maganar ta wuce zaure.

Ni ce Safara'u, shugabar makarantar 'yan mata ta unguwarmu a nan Haɗeja, matar marigayi Malam Isa. 'Ya'yana biyu. Na farin ba na kama sunansa, ko a baki ko a takarda, haka aka rene mu. A nan zan kira shi Mai Majigi, tunda abin da ya zaɓar wa kansa ke nan.

Litinin, 4 ga Maris, 1974. Bayan La'asar.

Mai Majigi ya iso yau daga Zariya, ba wasiƙa ba aike. Shi da abokinsa Iliya, mutumin Kagoro, da akwatuna uku. Na ɗauka littattafai ne. Ashe ƙarafa ne: na'urar haska fim, da rikoda, da faifan fim a cikin gwangwani.

Na tura shi jami'a ya koyo aikin gona, ya dawo mini da majigi. Na ce masa, "Majigi ai na gwamnati ne, su zo da mota su koya mana wanke hannu. Kai wa ya aike ka?"

Ya ce, "Ba wanda ya aike mu, Inna. Mu biyu ne kawai. Wani malaminmu ne ya ara mana abin ɗaukar hoto."

Wai fim ne na minti ashirin a kan manoman fadama da farin bara. Wai sun ɗauke shi a hutun Disamba. Na ce a ina? Ya kalli Iliya, Iliya ya kalli tuwo.

Mai Majigi ya rame. Ban faɗa masa ba.

Talata, 5 ga Maris. Bayan Azahar.

Zafi ya fara tun hantsi. Bara kogi bai hau fadama ba, shinkafa ta bushe a tsaye, geron tudu bai ko fid da kai ba. Yara goma sha ɗaya ba su dawo makaranta ba a wannan zango.

Duk da haka 'yata Ramatu, wadda ta dawo hutu daga kwalejin malamai, ta ture kwano wai miyar kuka ba nama. Na zaunar da ita na yi mata wa'azi da kawunta. Yaya Tukur, wana uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne bulaman ƙauyenmu, Tudun Bado, gabas da Guri. Sau uku ya zo gidan nan tun bayan Babbar Salla. Duk ukun na ajiye masa abinci, duk ukun ya ce, "Ɗauke, Auta, ina azumi." Mutum mai shekara sittin, a wannan zafi, yana azumin nafila! Na ce mata, "Ga wanda ya san darajar lahira. Ke kuwa cikinki ne alƙiblarki."

Ta ce, "Inna, ni dai ban taɓa jin nafilar ranar Laraba ba."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Yaran yanzu, da an sa su a makaranta sai su fara yi wa ibadar manya ƙididdiga.

Alhamis, 7 ga Maris. Da hantsi.

Yau na ji. A Tudun Bado suka ɗauki fim ɗin. Kwana biyar ya yi a gidan kawunsa, ya wuce ta tashar Haɗeja zuwa da dawowa, bai leƙo ya gaida uwarsa ba.

Ya ce kwamitin agaji na En'e yana rabon hatsi ƙauye-ƙauye, amma ba Tudun Bado a jerin. Wai da malamin kwamiti ya je bincike, ya tambayi bulama halin da ake ciki, Yaya ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asirin Allah." Malamin, wani yaro baƙo a ƙasar nan, ya rubuta cewa suna da abin da zai ishe su, ya hau babur ɗinsa.

Kwamitin zai zauna Talata mai zuwa. Yana so in ba shi aji ɗaya a makarantata ya nuna musu.

Na ce, "Idan Yaya ya ce suna da rufin asiri, suna da shi. Bai taɓa ƙarya ba."

Ya ce, "Ban ce ya yi ƙarya ba, Inna. Ki dai zo ki gani."

Na ce zan gani tukuna. Ba a shigar da abu makarantata ban san cikinsa ba.

Asabar, 9 ga Maris. Bayan Magariba.

Na gani. Da La'asar, a aji shida, an toshe tagogi da tabarmi, Iliya ya tayar da ɗan injin wuta da suka aro wurin mai hoto.

Da aka gama na sa hannu na ɗauki gwangwanin na sa a cikin mayafina. Ba wanda ya hana ni.

Yana cikin adakata. Mabuɗin yana wuyana.

Lahadi, 10 ga Maris. Bayan Asuba.

Zan rubuta abin da na gani, sau ɗaya, don ya fita daga kaina.

Ya fara da kogi. Yashi zalla, da jiragen masunta a kife a kai. Sai fadamar da muka yi wasa a cikinta, ta tsattsage har ƙafar yaro za ta shige. Mata suna haƙar saiwar bado a busasshen tafki. Gawar saniya. Wani tsoho yana murza ƙasa a tafin hannu yana magana, muryarsa tana fitowa daga rikodar Iliya, ba ta tafiya daidai da bakinsa. Duk wannan na jure. Na ma ce a raina yaron ya iya, domin bai sa kiɗa ba, bai sa surutu ba.

Sai tsakar gida. Na san wannan turmin, na Innarmu ne. Hajo, matar Yaya, tana daka da ƙarfinta. Abin ɗaukar ya matso, ya leƙa cikin turmin. Ƙaiƙayi ne. Tana dakan ƙaiƙayi don maƙwabta su ji ƙarar taɓarya a gidan bulama.

A gefenta jikanyarsu, takwarata, 'yar shekara uku, tana lasar ludayi. Ba komai a jikin ludayin.

Sai gindin kukar bayan gari, gari bai gama wayewa ba. Wani mutum a durƙushe, ya ba mu baya, yana haƙa da fartanya. Gidan tururuwa yake tonewa, yana tsince ƙwayoyin da suka tara yana zubawa a hularsa. Ba a ga fuskarsa ba sai a ƙarshe da ya juyo. Amma ni tun daga kafaɗarsa ta hagu na gane shi, wadda sa ya karya masa muna yara.

Na tambayi Mai Majigi, "Ya san kana ɗauka?"

Ya juya yana naɗe wayar injin.

"Na ce ya sani?"

"Na ɓuya a bayan kuka."

Wannan ba fim ba ne, tonon asiri ne. Mutumin da ya yi mini uba, ya sayar da karsana ya kai ni makaranta Kano lokacin da duk dangi ke zaginsa, shi za a manna a bango a gaban ma'aikatan En'e yana ƙwace wa tururuwa abinci? Ba a makarantata ba. Ba ina raye ba.

Ban yi laifi ba.

Litinin, 11 ga Maris. Bayan La'asar.

Na raba geron gidan nan biyu. Na ɗora buhu guda da tulun man shanu a motar Guri, na roƙi direban ya ƙarasa da su har ƙofar Yaya. Abin da ya kamata ke nan: ciwon gida a gida ake jinyarsa. Ba sai an kira injin wuta ba.

Mai Majigi ya ce, "Gida arba'in da biyu ne a ƙauyen, Inna. Buhu ɗaya na wa?"

Na ce ban tambaye shi ba.

Talata, 12 ga Maris. Da yamma.

Kwamiti ya zauna ya tashi. Sai bayan mako biyu kuma.

Mai Majigi bai fito cin abinci ba.

Laraba, 13 ga Maris. Bayan Azahar.

Buhun ya dawo. Ko ɗinkinsa ba a kwance ba.

Direban ya ce ya sauke shi a ƙofar gidan da rana tsaka, jama'a na zaune a inuwa, ya ce saƙo ne daga Malama. Yaya ya fito ya kalli buhun, ya kalli jama'a, ya ce, "A gaya wa Auta na gode. Ita ke da marayu. Mu muna cikin rufin asiri." Ya sa aka mayar da shi mota da hannun mutanen ƙauyen.

Da rana tsaka. Ni da aka haifa a gidan, ban yi tunanin in ce a shigar ta ƙofar baya ba.

Alhamis, 14 ga Maris. Da safe.

Ramatu ta yi gaskiya. Zuwan Yaya na ƙarshe da azuminsa, ranar Laraba ce. Na farkon kuma Asabar.

Juma'a, 15 ga Maris. Bayan La'asar.

Mun yi magana, idan magana ce. Mai Majigi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina kamar mai neman gafara, amma ba gafara ya zo nema ba.

"Inna, ki ba ni faifan."

"Ka yanke kawunka daga ciki, in ba ka."

"In na yanke shi, sai su ce ai ko'ina haka yake. Bulama ne ya ce suna da shi. Sai sun ga bulama."

"Kai yanzu ba ka ji kunya ba? Ka ci gishirin gidan mutum kwana biyar, ka tashi da asuba ka bi shi kamar mai farautar gada?"

"Na ji kunya. Har yanzu ina ji."

"To?"

"To kunyata ba ta ƙoshar da kowa."

Na ce masa mutum ba ciki ba ne kaɗai. Kakanninsa sun bi shanu daga nan har Yo ta wajen Tafkin Chadi, sun kwana uku ba su sa komai a baki ba, ba wanda ya ji. Na ce wanda aka cire wa mutunci, ko ya ƙoshi gawa ne. Na faɗi wannan da ƙarfi, har maƙwabta sun ji, kuma har yanzu na yarda da shi.

Ya ce, "Takwararki ba ta san mutunci ba tukuna, Inna. Shekararta uku."

Na ce ya fita.

Ban yi laifi ba. Ban ce kada a taimake su ba. Na ce ba ta wannan hanya ba.

Lahadi, 17 ga Maris. Bayan Azahar.

Iliya ya dawo daga cocinsu na tsallaken kasuwa, ya same ni ina tsintar wake. Yaron nan yana da ladabi, sai dai ci. Malmala uku yake tashi da ita, yana yi yana sa wa miyata albarka.

Na ce, "Kai Iliya, da wannan cin naka, me kuka ci a ƙauyen kwana biyar?"

Ya ajiye hannu. Ya ce, "Mama, ranar da muka isa an yanka mana kaza. Na ci har da ƙashi. Baba Tukur yana zaune yana ta cewa in ƙara, shi wai yana azumi. Kashegari na duba gidan, ban ga wata kaza ba. Ko gashi."

Na ce, "Haka ake yi wa baƙo."

Ya ce, "Haka ne, Mama. A wajenmu ma haka ne. Amma tun ranar nan ba na iya cin kaza."

Ya ce daga rana ta biyu suka riƙa cewa ai sun ci a Guri. Suna tauna gyaɗa a bayan gari. Wato kowa a gidan yana yi wa kowa ƙarya saboda ladabi.

Na ƙara masa tuwo. Bai ci ba.

Litinin, 18 ga Maris. Da safe.

Na shirya zan tafi da kaina ranar Juma'a idan an tashi makaranta. Zan shigar da geron a cikin kayan sawa. Kwana huɗu ba wani abu ba ne.

Talata, 19 ga Maris. Da hantsi.

Mai keke ya zo daga Tudun Bado, ya same ni a ofis.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Takwarata ta rasu.

Sun ce ƙyanda ce.

Talata dai. Bayan La'asar.

Kwana goma yana cikin adakata.

Ko da an nuna ranar sha biyu, hatsi ba zai isa can kafin mako ba. Na lissafa. Na sake lissafawa. Mai Majigi bai ce komai ba. Da ma ya ce wani abu.

Sun ce ƙyanda ce.

Asabar, 23 ga Maris. Bayan Azahar.

Na dawo jiya bayan sadakar uku. Ban tafi da littafin nan ba.

Sadakar ta dabino bakwai ce da ruwa. Na shigar da gero cikin ƙunshin zannuwa, na kai ɗakin Hajo na tura ƙarƙashin gado. Ba ta ce na gode ba, ban so ta ce ba. Ta riƙe hannuna kawai. Hannun kamar kara. Uwar yarinyar ba ta magana da kowa. Na ga ludayin a rataye a jikin danga, na kau da kai.

Da mutane suka ragu na sami Yaya a bayan gida, a inuwar rumbu, yana jan carbi. Rumbun a rufe, an ɗaure murfinsa tam, an share gindinsa kamar na mai hatsin shekara biyu.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Auta. Kwananta ne ya ƙare."

"Yaya, buɗe mini rumbun nan."

Ya ɗago ya kalle ni. "Bokon ne ya kai ki nan? Tun yaushe mace ke leƙa rumbu?"

"To bar shi a rufe. Na riga na gani."

"Kin ga me?"

Na faɗa masa. Turmin, da kukar, da hular. Ban rage komai ba. Na faɗa masa ɗana ne ya yi, a ɓoye, kuma na ƙwace na kulle. Na ɗauka zai ce na kyauta.

Carbin ya tsaya.

Ya ce, "Ɗanki ya tuɓe ni."

Na ce, "Ya tuɓe ka, Yaya. Ni kuma na rufe ka. Kwana goma ina rufe da kai."

Daga nan ban iya ci gaba ba. Ni da ba a taɓa ganin hawayena a makaranta ba, ko ranar da Malam ya rasu.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Da malamin nan ya zo, me kike so in ce masa? Yana tsaye, ko sauka daga babur bai yi ba, yara sun kewaye mu. In ce ni Tukur ɗan Ardo, yunwa nake ji? Na faɗa masa abin da ubana zai faɗa. Duk ɗan ƙasar nan da ya ji an ce rufin asiri, ya san ya kamata ya sauka, ya sha ruwa, ya sake tambaya a hankali."

Na ce, "Ni 'yar ƙasar nan ce. Sau uku ka ce mini kana azumi. Ban sake tambaya ba. Har wa'azi na yi da kai."

Sai ya yi wata 'yar dariya, ba daɗi a cikinta. "Ai azumin na gaske ne. Na ga tunda ba zan ci ba, gara in ɗaura niyya, kada yunwar ta tafi a banza."

"Me ya hana ka ci a gidana?"

"In ci tuwo a birni, in dawo in kalli Hajo da wane ido?"

Na ce masa kwamiti zai sake zama Talata. Na ce faifan nasa ne, ba nawa ba, ba na yaron ba. Idan ya ce a ƙona, da hannuna zan ƙona. Idan ya ce a nuna, zan buɗe aji.

Ya ce, "Tashi ki shiga ciki, rana ta yi."

Har na taho bai ba ni amsa ba.

Litinin, 25 ga Maris. Bayan La'asar.

Ba aike. Mai Majigi ya tambaye ni da ido. Na ce sai mai shi ya ce.

Talata, 26 ga Maris. Bayan Magariba.

Da hantsi Ramatu ta shigo ofis da gudu, abin da na hana. "Inna, Kawu yana bakin ƙofa!"

Ya sa farar rigarsa ta Idi da rawani. Rigar ta yi masa yawa. A ƙafa ya zo Guri, daga nan ya hau mota. Bai gaishe ni da tsawo ba. Ya ce, "Ina abin?"

Na cire mabuɗin daga wuyana na ba Ramatu.

Na aika wa magatakardan kwamiti takarda da hannuna. Sun zo bayan Azahar su biyar, saboda ni, ba saboda fim ba, biyu daga cikinsu 'ya'yansu na hannuna. Yaya ya zauna a can baya a kan bencin yara, ba wanda ya lura da shi cikin duhu. Ni ina tsaye a bakin ƙofa.

Ban kalli bango ba. Keyarsa na kalla. Da aka zo wurin ludayi, rawanin ya sunkuya. Da aka zo wurin kuka, ya ɗago.

Aka cire tabarmi ɗaya, haske ya shigo. Wani daga cikinsu, mai babbar riga, ya gyara zama ya ce, "Abin tausayi. Amma samari, ku faɗi gaskiya, wannan ai Nijar ce. A ƙasar Haɗeja ba a kai ga tonon tururuwa ba. Ga takarda, bulaman Tudun Bado da bakinsa ya ce suna da rufin asiri."

Mai Majigi ya buɗe baki. Kafin ya yi magana benci ya yi ƙara a baya.

Yaya ya tako har gaban allo. Ya tsaya daidai inda hotonsa ya fito.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, ba Nijar ba ce. Kukar bayan garinmu ce. Turmin na uwata ne. Mai haƙar nan ni ne, Tukur, bulaman Tudun Bado. Ni na ce muna da rufin asiri. To ga shi an buɗe. Gida arba'in da biyu ne. Mun binne yara shida tun Salla. Ku rubuta."

Ba wanda ya motsa. Sai magatakarda ya zaro alƙalami.

Da suka fita, ya juya wurin Mai Majigi, wanda ya riga ya zube a ƙasa.

"Kai, ɗan Auta."

"Na'am, Kawu."

"Aikinka ya yi kyau. Kogin ya fito kamar kogi. Amma ka ɗauke ni ta baya kamar ɓarawon akuya. Gobe in za ka ɗauki mutum, ka yi masa sallama. In ya ƙi, ka zauna har ya yarda. In bai yarda ba, ka tafi."

"Na tuba, Kawu."

"Kuma daga ɗakin nan ba inda zai ƙara zuwa da fuskar Hajo a ciki. Tawa na bayar. Tata ban bayar ba."

Ya dubi Iliya ya ce, "Kai kuma mai cin ƙashi, ka rame. Ba sa ba ka abinci a birni?"

Iliya ya yi dariya, sannan ya fita waje da sauri.

Laraba, 27 ga Maris. Da safe.

Yaya ya kwana a zaure. Jiya da muka dawo na kai masa tuwo da kaina. Ya buɗe baki, na san abin da zai ce. Na ajiye kwanon na fita na saki asabari, na kori kowa daga tsakar gida.

Da safe na sami kwanon a rufe a bakin ƙofa. Ya ci rabi. Rabin kuma ba ya ciki. Na ga ƙunshi a aljihun rigarsa da zai hau mota. Ban gani ba.

Asabar, 30 ga Maris. Bayan La'asar.

An sa Tudun Bado a jerin. Buhu goma sha takwas na dawa, jar nan ta ƙasar waje, motar ta tashi jiya. Ba zai kai su damina ba. Iri kuma ba a yi maganarsa ba tukuna. Zan je wurin magatakarda Litinin, kuma zan yi ta zuwa har ya gaji da ganina.

Jiya Mai Majigi ya yini da almakashi da gam yana cire Hajo. Ya tambaye ni ko ya cire yarinyar. Na ce ya je ya tambayi uwarta, ya yi sallama. Sun tafi ƙauyen yau shi da Iliya, daga can su wuce Zariya.

Da zai fita ya durƙusa. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Na so in ƙara wani abu. Ba a yabon ɗan fari.

Har yanzu ina cewa abin da ya yi a bayan kuka ba daidai ba ne. Abin da na yi da mabuɗi kuma, Allah ne zai yi mana hisabi, ni da shi.

Litinin, 1 ga Afrilu. Bayan Azahar.

Yau wata mata daga wajen Birniwa ta shigo, uwar ɗaya daga cikin yaran da ba su dawo makaranta ba. Wai ta zo gaishe ni ne kawai. Ramatu ta ce mata, "Baba, a kawo miki abinci?" Matar ta ce a'a, alhamdu lillahi, yanzu ta ci.

Bayan ta tafi da abin da ta tafi da shi, na tara Ramatu da mai yi mana daka, na kafa doka. Na rubuta ta a nan don kada wani ya ce bai ji ba.

Daga yau har sabon gero ya shiga rumbu, duk wanda ya taka zauren gidan nan, ba a tambayarsa ko zai ci. Tambaya ita ce ke sa mutum ya ce a'a. A ajiye masa kwano a rufe, a fita, a saki asabari, kada kowa ya zauna yana kallon hannunsa. Idan ya ce yana azumi, a ce Allah ya karɓa, a ƙulle masa a ƙwarya ya sha ruwa da shi a gida, kuma a zuba na mutum huɗu. Idan ya tashi tafiya, ba mai buɗe kwanon sai ya yi nisa. Wanda kuma ya faɗi a waje wa ya ci a gidan nan, shi ne zai yi azumi ranar, kuma ba na nafila ba.